Amsa ga Ɗalibar da Ta Tambaye Ni Amfanin Finafinan Baƙar Makoma

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata karatu yana tafiya yadda ake so. A taron tattaunawa kan harkar fim da aka yi nan Jos kwanakin baya kin miƙe a gaban jama'a kin yi mini tambaya, lokaci kuma bai bari na amsa ta yadda ta cancanta ba. Tun da a bainar jama'a kika yi ta, ya dace amsar ma ta fito a bainar jama'a. Abin da kika ce a taƙaice shi ne, finafinan nan na Turawa da ke nuna wata duniya ta gobe inda hukuma take leƙen kowa, take ƙona littattafai, take ɗauke mutum cikin dare ba a sake jin ɗuriyarsa, shin ba ƙirƙira ce kawai ta masu son tsorata 'yan kallo su karɓe musu kuɗi ba? In kuma da wata manufa a cikinsu, ba farfagandar ƙasashen Yamma ba ce don su shafa wa abokan gabarsu kashin kaji? Kika rufe da cewa mu da muke fama da yunwa da rashin tsaro, me zai kai mu ɓata lokaci a kansu?

Amsata ita ce, mafi yawan abin da ke tayar da tsikar jiki a waɗannan finafinai an riga an aikata shi a kan mutane masu rai, a garuruwan da ake iya nunawa a taswira, kuma takardun da ke tabbatar da haka suna nan a ajiye. Marubutan sun ɗauko abin da ya faru jiya ne suka kai shi gobe, domin wanda bai taɓa buɗe littafin tarihi ba ya gani da idonsa. Zarginki na farfaganda yana da ƙamshin gaskiya, kuma zan zo kansa. Akwai kuma wani wuri da nake ganin finafinan suna yaudarar mai kallo, wanda ya fi damuna fiye da abin da kika zarge su da shi.

Bari mu fara da wanda kika ambata da sunansa, wato 1984, fim ɗin da Michael Radford ya shirya a shekarar 1984 daga littafin da George Orwell ya wallafa a 1949. Jarumin labarin ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, aikinsa kullum shi ne ya ɗauko tsofaffin jaridu ya gyara su yadda za su dace da abin da hukuma take faɗa yau, ya goge sunan duk wanda aka yi fushi da shi har ya zama kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Mai kallo zai iya cewa an cika gishiri. To, akwai wani sanannen hoto da aka ɗauka a Tarayyar Sobiyet, Stalin yana tafiya a bakin wata hanyar ruwa da aka haƙa ta haɗa Mosko da kogin Volga, a gefensa ga Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki wanda ya jagoranci kame da kashe-kashen 1937 da 1938. Da aka juya wa Yezhov baya aka harbe shi a 1940, sai aka sake fito da hoton nan babu shi a ciki, inda yake tsaye a da ruwa ne kawai. Hotunan biyu duk suna nan, kina iya jera su ki kwatanta. Wanda ya fi wannan ban mamaki ma bayan fitowar littafin ya faru. Da aka kashe Lavrenti Beria, wanda ya gaji Yezhov a shugabancin 'yan sandan ciki, a ƙarshen 1953, masu buga babban kundin sani na Sobiyet sun aika wa waɗanda suka sayi kundin da takarda, suna ba su shawara su sa reza ko almakashi su yanke shafukan da ke yabon Beria, su liƙa sababbin shafukan da aka haɗo musu, waɗanda a cikinsu har da bayani kan tekun Bering. Ki dubi abin da ake nema a wurin mutum a nan: ya zauna a ɗakinsa, babu ɗan sanda a kansa, ya yanke abin da ya sani da hannunsa, ya liƙa abin da aka ce masa ya sani.

Orwell kansa ba daga nesa ya hango waɗannan abubuwa ba. Ya yi yaƙi a Sifaniya a 1937, har harsashi ya same shi a wuya, kuma a can ya ga jaridu suna ba da labarin gumurzun da ba a taɓa yi ba, suna kuma yin shiru a kan wanda aka yi aka rasa ɗaruruwan rayuka. A labarinsa ƙasa takan wayi gari abokin gabarta na jiya ya zama aboki, jama'a kuma su rantse cewa dama haka abin yake tun fil azal. Wannan ma an gani ranar 23 ga Agusta 1939, da Hitler da Stalin, waɗanda suka yi shekaru suna la'antar juna, suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya, jaridun ƙasashen biyu suka canja harshe nan take. Yarinyar da ke kai ƙarar mahaifinta ga hukuma a cikin labarin ita ma tana da tamka a zahiri. Bayan an kashe wani yaro mai suna Pavlik Morozov a 1932, gwamnatin Sobiyet ta mai da shi gwarzon yara a kan cewa ya tona asirin mahaifinsa, aka sassaƙa gumakansa, aka koyar da labarinsa a makarantu shekara da shekaru. Masana tarihi sun nuna shakku a kan yawancin labarin daga baya, amma darasin da aka so a cusa wa yara a fili yake, wato hukuma ta fi mahaifi haƙƙi a kansu.

Maganar ƙona littattafai, wadda ita ce ginshiƙin Fahrenheit 451 da François Truffaut ya yi a 1966 daga littafin Ray Bradbury na 1953, ina so ki tsaya a kanta domin ta shafe ki a matsayinki na ɗaliba. A daren 10 ga Mayu 1933 an tara littattafai kimanin 20,000 a wani dandali a tsakiyar Berlin aka cinna musu wuta, ministan farfaganda Joseph Goebbels ya zo ya yi jawabi. Waɗanda suka tsara abin, suka bi ɗakunan karatu suna kwaso littattafan da hannunsu, ɗaliban jami'a ne, wasu malamansu suna mara musu baya. Ba jahilai ba ne, kuma ba wanda ya ɗora musu bindiga. Sun yi imani ne cewa tsabtace ƙasarsu suke yi. A ƙarshen fim ɗin ana nuna wasu mutane a daji, kowa ya haddace littafi guda don kada ya ɓace. Mu da muka tashi cikin alarammomi da mahaddata ba za mu ga wannan baƙon abu ba, kuma a Rasha an yi shi a zahiri. Mawaƙiya Anna Akhmatova takan rubuta baiti a guntuwar takarda, ƙawarta ta karanta shiru ta haddace, sannan a ƙona takardar a wurin. Nadezhda Mandelstam ta riƙe waƙoƙin mijinta Osip a ka shekaru masu yawa bayan ya mutu a sansanin fursuna a 1938. Kusa da mu ma, da 'yan bindiga suka mamaye Timbuktu a 2012, iyalan garin sun yi ta zuba tsofaffin rubuce-rubucen kakanninsu a akwatunan ƙarfe suna sulalewa da su zuwa Bamako ta mota da ta kwalekwale, amma duk da haka kimanin 4,000 sun salwanta a cibiyar Ahmed Baba a Janairun 2013, aka ƙona wasu, aka yi awon gaba da wasu.

Idon hukuma da ba ya barci, wanda finafinan ke nunawa da allo a bango ko kyamara a kowane lungu, Jamus ta Gabas ta gina shi da mutane tun kafin na'urorin su yawaita. Hukumar leƙen asirinta, Stasi, wadda aka kafa a 1950, ta kai 1989 da ma'aikata kimanin 91,000 da 'yan rahoto na ɓoye fiye da 170,000, a ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan 16 da 'yan kai ba. Fayilolin da ta bari, in aka jera su, sun kai tsawon kilomita 111, wato kusan tafiyar Jos zuwa Bauchi. A gidan tarihinta yau akwai kwalabe a rufe, kowace da ƙyalle a ciki: warin jikin mutanen da ake zargi ne aka ɗebo aka adana, don in ta kama a sa kare ya bi sawunsu. Da aka buɗe fayilolin ga jama'a a 1992, mutane suka je suka karanta abin da aka rubuta a kansu, wani ya tarar amininsa ne ke kai rahotonsa, wani abokin aikinsa, wata 'yar gwagwarmaya kuma ta tarar mijinta ne, uban 'ya'yanta. Ɓarnar da ta fi ɗauri muni ita ce wannan, a wayi gari mutum ba ya iya sakin jiki ya yi hira ko a tsakar gidansa.

Akwai fim ɗin da nake ganin ya fi kusantar gaskiyar lamarin, ko da yake cikin raha aka yi shi, wato Brazil na Terry Gilliam, na 1985. Ƙuda ne ya faɗa cikin injin buga takarda ya canja harafi ɗaya a sunan wanda ake nema, aka je aka kamo wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba, aka miƙa wa matarsa rasit ta sa hannu, ya mutu a hannun masu tambaya, kowane ofishi kuma ya ce shi takardarsa daidai take. Ki kwatanta wannan da umarni mai lamba 00447 da aka sa wa hannu a Mosko ranar 30 ga Yuli 1937, wanda ya yanka wa kowane lardi adadin mutanen da za a harbe da adadin da za a tura sansanin aikin dole, tun kafin a san ko su wane ne. Kwamitin mutum uku ne ke yanke hukunci, galibi ba tare da ya ga wanda ake tuhuma ba, shugabannin larduna kuwa har rubutowa suke yi suna roƙon a ƙara musu adadin don su nuna ƙwazo. Bisa ƙididdigar hukumar kanta, an harbe mutum kimanin 680,000 a shekarun nan biyu. A Kambodiya, a mulkin Khmer Rouge daga 1975 zuwa 1979, makarantar sakandare aka mayar gidan azaba a Tuol Sleng, kuma duk wanda aka kawo sai an ɗauke shi hoto an buɗe masa fayil kafin a kashe shi. Fiye da mutum 12,000 suka shiga, 'yan tsiraru ne suka fito da rai.

Yanzu ga batun farfaganda. Kin yi gaskiya cewa an yi amfani da irin waɗannan labarai a yaƙin cacar baka. Fim ɗin zane na Animal Farm, wani littafin na Orwell, da aka fitar a 1954, hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ce ta zuba masa kuɗi a ɓoye, aka kuma canja ƙarshen labarin. Fim tun asali makami ne a hannun masu mulki. Jerin sojojin nan sahu-sahu da tutoci masu tsawo da kike gani a finafinan baƙar makoma, wato finafinan da ke nuna irin wannan duniyar ta gobe, yawancinsu kwaikwayo ne na yadda mai shirya fim Leni Riefenstahl ta ɗauki taron jam'iyyar Nazi na 1934 don ta ɗaukaka Hitler. Mu ma a nan Arewa, majigin da iyayenmu suka fara kallo a ƙofar fada saƙon gwamnatin mulkin mallaka yake ɗauke da shi. Sai dai wanda ya biya kuɗin fim ba shi ke goge gawarwakin da aka binne ba. Yezhov bai koma cikin hoton nan ba don CIA ta ci riba da labarin. Kuma madubin yana haska masu riƙe da shi. Bradbury ya yi rubutunsa ne a lokacin da ake farautar 'yan kwaminisanci a Amurka, bayan an gurfanar da marubuta da daraktocin Hollywood gaban kwamitin majalisa a 1947, aka ɗaure goma daga cikinsu da suka ƙi amsa tambaya, aka hana ɗaruruwa aiki. Hukumar FBI ta yi shekaru tana sauraren wayar Martin Luther King. A 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda ake tattara bayanan wayoyin miliyoyin Amurkawa. Mobutu, wanda gidan talabijin na Zayar yakan buɗe labarai da hotonsa yana saukowa daga cikin gajimare, ƙasashen Yamma ne suka daɗe suna riƙe da shi a mulkinsa na 1965 zuwa 1997. Don haka in za ki kalli waɗannan finafinai, ki auna kowace gwamnati da su, har da ta waɗanda suka shirya su.

Inda nake da ja da finafinan shi ne, kusan dukkansu suna farawa ne bayan an gama ginin danniya. Ana buɗe fim sai ki ga baƙaƙen kaya, da dogayen gine-gine marasa taga, da fuskar shugaba a kowane bango, har mai kallo ya fita yana zaton in abin ya zo zai gane shi tun daga nesa. Tarihi bai nuna haka ba. Danniya takan shigo ne kamar gara a azara, ɗaki yana tsaye da shafensa, ciki kuwa an cinye. Hitler bai yi juyin mulki ya hau ba. Shugaban ƙasa Hindenburg ne ya naɗa shi ranar 30 ga Janairu 1933, a ƙasar da mutum kimanin miliyan 6 ba su da aikin yi, kowa ya gaji da faɗan 'yan siyasa a tituna. Da ginin majalisa ya kama da wuta ranar 27 ga Fabrairu, washegari aka fitar da dokar ta-ɓaci da ta dakatar da 'yancin magana da na taro da na jarida, aka ce don kare jama'a ne. Ranar 23 ga Maris majalisa da kanta, bayan an kame 'yan kwaminisancinta, ta miƙa masa ikon yin doka da ƙuri'a 444, masu adawa 94. Dokar ta-ɓacin nan ba a ɗage ta ba har mulkin ya rushe a 1945. Masanan da suka binciki fayilolin Gestapo, wato 'yan sandan ciki na Hitler, da suka tsira a garin Würzburg sun tarar ma'aikatanta ba su da yawa, kuma shari'o'i da dama daga ƙarar da maƙwabci ya kai maƙwabcinsa suka faro, wani lokaci don wata tsohuwar gaba da ba ta da alaƙa da siyasa.

Haka nan jarumin nan guda da ke rusa mulki shi kaɗai a ƙarshen wasu finafinan, ban yarda da shi ba, domin yana koya wa mai kallo zaman jiran gwarzo. Jamus ta Gabas ta fara girgiza ne da mutum kimanin 70,000 suka fito a Leipzig ranar 9 ga Oktoba 1989 ba makami a hannunsu, bayan an yi shekaru ana taruwa kaɗan-kaɗan a majami'a duk ranar Litinin. Wata guda bayan nan katangar Berlin ta faɗi.

Kin ce me ya haɗa mu da wannan. Dole in faɗi gaskiya, Nijeriya ba ta taɓa yin mulkin da ya mamaye komai irin na Stalin ko Hitler ba, kuma duk wanda ya kwatanta su kai-tsaye ya raina waɗanda suka mutu a can. Gwamnatocin sojanmu ba su taɓa iya mallakar kasuwa da masallaci da majami'a da tsakar gida ba. Amma kayan aikin mun gan su ɗaya bayan ɗaya, a hannun shugabanni daga kowane sashe na ƙasar nan. A 1973 an kama ɗan jarida Minere Amakiri a Fatakwal saboda labarin da ya rubuta kan koke-koken malaman makaranta, aka aske masa kai, aka yi masa bulala 24. A shekarar 1984, shekarar da fim ɗin can ya fito, gwamnatin Janar Buhari ta kafa Doka ta 4, wadda ta haramta buga abin da zai zubar da mutuncin gwamnati ko jami'inta, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda a kan labarin naɗa jakadu. A shekarar ce kuma aka kafa Doka ta 2, ta tsare mutum ba tare da shari'a ba, wadda ta hana kotu sa baki. Janar Babangida ya soke Doka ta 4 da ya hau a 1985, amma ya riƙe Doka ta 2, Janar Abacha ma ya gaje ta, ba a soke ta ba sai 1999. A tsakanin nan an kashe Dele Giwa da bam a cikin ƙunshin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986, an soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, kotun soja ta sirri ta ɗaure 'yan jarida huɗu a 1995 bisa zargin hannu a juyin mulki, an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba na shekarar, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, sannan a 1998 jam'iyyu biyar ɗin da aka yi wa rajista duk suka tsayar da mutum ɗaya, wato Janar Abacha, takarar shugaban ƙasa.

Na san a cikin masu karanta wannan wasiƙa akwai masoyan waɗannan shugabanni, kuma suna da dalilansu na hanyoyi da asibitoci da ladabtar da ɓarayin gwamnati. Ni ma na ga irin murnar da aka yi a titi da aka kifar da gwamnatin farar hula a ƙarshen 1983, domin mutane sun gaji ƙwarai. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, dokar da aka yi don ɓarawon da kowa ya tsana ita ce ta zauna shekara 15, ta kama ɗalibi da lauya da ɗan ƙwadago, a hannun mutanen da ba su suka rubuta ta ba. Kwamitin Oputa da aka kafa a 1999 ya saurari waɗanda aka zalunta, ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. An kuma yi shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare. Ba wanda ya aiko mana da reza, amma sa'o'inki da yawa sun tashi ba su san waɗannan abubuwa ba.

Ko a harkarmu ta adabi da fim abin ya taɓa mu. A 2007 an ƙona littattafan hikaya na Hausa a bainar jama'a a Kano, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ba na shakkar cewa da yawa daga waɗanda suka goyi bayan haka tarbiyyar 'ya'yansu ce ta dame su, ni ma uba ne, kuma na yarda al'umma tana da haƙƙin ta ce wannan bai dace da yara ba. Amma tsakanin a tace abu bisa ƙa'ida rubutacciya, da damar ɗaukaka ƙara, da a tara shi a cinna masa wuta a gaban ɗalibai, akwai tazara mai nisa, domin na biyun yana koya wa yaro cewa amsar maganar da ba ka so ita ce ashana.

Batun yunwa kuwa, shi ne ya fi ƙarfafa hujjata. A yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a Yukren a 1932 da 1933, gwamnati ta musanta cewa ana yunwa, ta kuma hana manoma barin ƙauyukansu su nemi abinci. Da ƙidayar 1937 ta nuna mutane sun gaza adadin da ake tsammani, sai aka soke ƙidayar, aka kama shugabannin da suka gudanar da ita, aka harbe wasunsu. A Sin, tsakanin 1959 da 1961, jami'an larduna sun yi ta aika rahoton amfanin gona na ƙarya don tsoro, gwamnati tana karɓar hatsi bisa ƙaryar, ministan tsaro Peng Dehuai da ya yi magana aka tuɓe shi, mutane miliyoyi masu yawa suka mutu. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, ya lura cewa ba a taɓa yin gagarumar yunwa mai kisa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da jarida mai 'yanci ba. Mai jin yunwa shi ya fi kowa buƙatar bakin da zai ce yana jin yunwa, da kunnen da dole ya saurare shi.

Rashin tsaro ma haka, kuma mu mutanen Jos ba za a koya mana zafinsa ba. Mun kwana cikin dokar hana fita, mun sauka daga mota a shingen bincike, kuma akwai daren da muka gode wa Allah da zuwan soja. Ba na cewa kowace dokar ta-ɓaci zalunci ce. Wadda aka kafa a Filato a Mayun 2004, duk da muhawarar da aka yi kan halaccin dakatar da gwamna, an yanka mata wata shida, ta bi ta majalisar tarayya, da wa'adin ya cika kuma ta ƙare. Abin dubawa ke nan a kowane mataki irin wannan, ko rufe layukan waya ne kamar yadda aka yi a Zamfara a 2021, ko dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ko haɗa layin kowa da lambarsa ta ɗan ƙasa: shin yana da ranar ƙarewa, akwai kotun da za ta iya cewa a'a a kuma bi, sannan wa ke riƙe da bayanan, wa ke sa masa ido? Wayar da ke hannunki tana tara abin da Stasi da dubban ma'aikatanta ba su iya tarawa a kan mutum ɗaya ba.

Tun da fim kike karanta, a garin da ke da hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya da makarantar koyon fim ta ƙasa, ba na so ki tsaya a kallon na wasu. A Metropolis na Fritz Lang, na 1927, ma'aikata suna can ƙarƙashin ƙasa suna juya injuna, masu dukiya suna sama cikin lambu. Ki fita wajen Bukuru ko Barikin Ladi ki dubi kududdufan da haƙar kuza ta bari. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka kafa aikin dole a nan, wanda iyayenmu ke kira diban gwamna. Aka yanka wa larduna adadi, hukumomin gargajiya suka bi ƙauyuka suna ɗibar dubban talakawa ana kawo su kan dutsen nan, cikin sanyin da ba su saba da shi ba, ba isasshen abinci ba mayafi, da yawa suka mutu kafin a dakatar da shirin a 1944. Gwamnatin da ke yaƙar Hitler da sunan 'yanci ce ta yi wannan. In za ki yi fim a kansa, shawarata ita ce kada ki ɗora labarin a kan Bature mai bulala ko a kan gwarzon da ya yi tawaye. Ki ɗora shi a kan malamin hakimi, mutumin kirki mai salla da iyali, wanda aka ce ya kawo sunaye talatin kafin Juma'a, ya zauna da alƙalaminsa yana tunanin gidan wa zai tsallake, gidan wa zai rubuta.

Fayilolin lardin Filato na zamanin mulkin mallaka suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, kuma har yanzu akwai dattawa a garuruwan kuza da suka ji labarin daga bakin iyayensu. Ki je wurinsu da na'urar ɗaukar murya kafin ki rubuta ko layi ɗaya, ki kuma nemi izininsu kafin ki yi amfani da abin da suka faɗa miki. In kin haɗa abin da kika samu, ki kawo mu duba tare.

Ki gaishe da malamanki da abokan karatunki. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'a.

Wassalam,
Malaminki,
Jos.